Yadda Za Ka Haɗa Teburin Yawa da Histogiram na Makin Jarrabawa da Wayarka

Yau za mu koyi yadda ake ɗaukar tarin makin jarrabawa a tsara shi cikin teburi, sannan a mayar da teburin zane, duk da wayar hannu. Darasin zai amfani malamin aji, da mai koyar da lesin, da ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO, don ana kawo wannan batu a lissafi. Zai kuma amfani duk wanda ke ganin alƙaluman sakamakon JAMB suna yawo a Facebook yana son ya fahimci abin da suke faɗa.

Abin da ya jawo darasin

Yayana yana koyar da lesin lissafi da yamma a wani zaure nan cikin birnin Zariya, ba nisa da Ƙofar Doka. Yawancin yaransa 'yan SS3 ne, burinsu su samu gurbi a ABU ko wata babbar makarantar. Rannan ya yi musu gwaji, ya haɗa makin ya raba da yawansu, ya ga matsakaicin ya haura 50. Sai ya ce min, "Ƙanena, ajin nan ya yi daidai, mako mai zuwa zan wuce gaba."

Na ce, "Yaya, ba ni takardar in zuba a waya mu gani tukuna."

Da muka gama zanen, sai ga shi yara ƙalilan ne suka ci maki kusa da wannan matsakaicin. Ajin ya rabu gida biyu: wasu sun gane sosai, wasu kuma an baro su can baya. Da ya wuce gaba, da kusan rabin ajin ya bari a hanya, alhali jarrabawa na ƙaratowa.

Matsakaici lamba ɗaya ce tak, ba ta iya nuna maka inda mutane suka taru da inda babu kowa. Teburin yawa da histogiram su ne ke nuna wannan.

Ma'anar kalmomin

Teburin yawa shi ne teburin da ke raba maki zuwa rukuni-rukuni, kamar 30 zuwa 39, 40 zuwa 49, ya kuma nuna mutum nawa ne suka faɗa kowane rukuni.

Histogiram shi ne zanen wannan teburin: ana jera makin a layin ƙasa, a tayar da sanda a kan kowane rukuni gwargwadon mutanen da ke cikinsa. Masanin ƙididdiga ɗan Ingila, Karl Pearson, shi ne ya raɗa masa wannan suna a ƙarshen ƙarni na 19.

Ya bambanta da zanen sanduna na yau da kullum. Idan kana kwatanta masu Tecno da masu Infinix da masu Samsung, sandunan a rarrabe suke, kuma kana iya sauya musu wuri yadda ka so. A histogiram sandunan a manne suke da juna, domin inda wani rukuni ya ƙare nan na gaba ya fara, kuma ba a sauya jerinsu.

Makin da za mu yi aiki da su

Waɗannan maki 40 na misali ne, na tsara su domin darasin yadda za su yi kama da abin da muka gani a zauren. Gwajin a kan 100 ne:

62, 35, 74, 40, 81, 27, 66, 33, 70, 55
39, 77, 45, 68, 31, 72, 21, 60, 85, 36
52, 79, 34, 65, 44, 73, 30, 69, 26, 75
61, 38, 83, 46, 71, 35, 57, 76, 42, 67

Jimillarsu 2,200. A raba da 40, matsakaici ya zama 55 cif. Ka riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Mataki na 1: Nemo mafi ƙanƙanta da mafi girma

Mafi ƙanƙanta 21, mafi girma 85. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce 85 a cire 21, wato 64. Wannan ne filin da za mu yanka.

Mataki na 2: Rukuni nawa, kuma wane faɗi?

Hanya mai sauƙi ita ce ka nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta kusanci yawan ɗalibanka. 6 sau 6 shi ne 36, 7 sau 7 kuma 49, ke nan ga mutum 40 rukuni 6 ko 7 ya isa. Mu ɗauki 7. A raba 64 gida 7, an samu 9 da ɗoriya, sai mu cike shi zuwa 10 don ya yi daɗin karantawa.

Rukunanmu ke nan: 20–29, 30–39, 40–49, 50–59, 60–69, 70–79, 80–89.

Ka kiyaye abu biyu. Na farko, kada rukuni ya shiga cikin wani. Idan ka rubuta 30–40 sannan 40–50, wanda ya ci 40 ina za ka sa shi? Na biyu, duk rukunan su zama faɗi ɗaya. Dalilin wannan zai fito fili idan muka zo kan JAMB.

Mataki na 3: Ƙirga da hannu

Kafin a taɓa waya, yana da kyau ka yi shi sau ɗaya a takarda. Ka san yadda mai shago ke jan layi a bango ko a kwali idan ana karɓar kaya bashi? Haka za ka yi. Ka bi makin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka ja layi a gaban rukuninsa, na biyar ka gitta shi a kan huɗun farko. Kada ka ɗauki rukuni guda ka shiga farautar makinsa a cikin jerin, ta nan ake tsallake wasu.

Ga abin da za ka samu:

| Rukuni | Yawa | Kashi cikin 100 |
|---|---|---|
| 20–29 | 3 | 7.5 |
| 30–39 | 9 | 22.5 |
| 40–49 | 5 | 12.5 |
| 50–59 | 3 | 7.5 |
| 60–69 | 8 | 20 |
| 70–79 | 9 | 22.5 |
| 80–89 | 3 | 7.5 |
| Jimilla | 40 | 100 |

Idan jimillarka ba ta ba da 40 ba, akwai wanda ka bari ko ka ƙirga sau biyu.

Mataki na 4: Zuba shi a waya

Na yi amfani da Google Sheets, amma dabarun nan suna aiki a Excel ma. Idan data na ba ka wahala, Sheets na da zaɓin ajiye fayil don aiki ba tare da intanet ba.

Buɗe sabon fayil. A gidan A1 rubuta Maki, sai ka zuba makin daga A2 zuwa A41, kowanne a gidansa. Lamba kawai za ka rubuta. Idan ka sa 62/100 ko "62 maki", manhajar ba za ta ɗauke shi a matsayin lamba ba.

A wasu gidaje da babu komai, gwada waɗannan:

=COUNT(A2:A41) zai ba ka 40
=MIN(A2:A41) zai ba ka 21
=MAX(A2:A41) zai ba ka 85
=AVERAGE(A2:A41) zai ba ka 55

Idan ɗaya ya saɓa, an yi kuskure wurin shigar da makin, a gyara kafin a ci gaba.

Yanzu a layin C, daga C2 zuwa C8, rubuta farkon kowane rukuni: 20, 30, 40, 50, 60, 70, 80. A layin D rubuta sunan rukunin, amma ka rubuta shi kamar "20 zuwa 29", saboda wani lokaci manhajar na mayar da lambobi biyu masu ɗan layi a tsakani kwanan wata. A gidan E2 saka wannan:

=COUNTIFS($A$2:$A$41,">="&C2,$A$2:$A$41,"<"&(C2+10))

Abin da kake gaya wa wayar shi ne: ƙirga min makin da suka kai abin da ke C2 ko suka wuce shi, amma ba su kai C2 da ƙarin 10 ba. Na zaɓi "ba su kai 30 ba" maimakon "29 ko ƙasa" saboda malamin da ke ba da rabin maki. Wanda ya ci 29.5 zai shiga rukunin farko, ba zai ɓace a tsakani ba. Alamar dala kuwa ita ke daskarar da A2 zuwa A41, don kada su zame idan ka kwafi dabarar zuwa ƙasa.

Kwafi E2, zaɓi E3 zuwa E8, ka liƙa. Sai a E9 ka sa =SUM(E2:E8) ka tabbatar ya ba da 40.

Idan dabarar ta ƙi aiki, fara duba alamar zancen. Wasu kibod ɗin waya, musamman na iPhone, suna sa lanƙwasasshiya maimakon miƙaƙƙiya. Danna alamar ka riƙe, zaɓin miƙaƙƙiyar zai fito.

Mataki na 5: Zana histogiram

Hanya mafi sauri a ƙaramin sikirin ita ce ka zana sandunan a cikin gidajen. A F2 rubuta:

=REPT(UNICHAR(9608),E2)

Kwafe shi zuwa F8. REPT na maimaita alama sau adadin da ka ba shi, lamba 9608 kuma ita ce ta baƙin murabba'i. Ga abin da zai fito:

20–29 ███
30–39 █████████
40–49 █████
50–59 ███
60–69 ████████
70–79 █████████
80–89 ███

Wannan histogiram ne a kwance. Idan kana son na tsaye, zaɓi D2 zuwa E8, danna alamar ƙari da ke sama, zaɓi Chart, ka ɗauki nau'in Column. Zai bar 'yar tazara tsakanin sandunan, amma siffar ɗaya ce. A kwamfuta kuma, Google Sheets da Excel na 2016 zuwa sama suna da nau'in Histogram nasu, wanda zai ɗauki makin layin A kai tsaye.

Ga mai zana shi a takardar jarrabawa: sandunan su manne, a rubuta abin da kowane layi yake nufi, layin tsaye kuma ya fara daga 0.

Karanta zanen

Matsakaici ya ce 55. Amma mutum 3 kacal cikin 40 ne ke rukunin 50–59. Zanen na da tudu biyu da kwari a tsakiya. Mutum 20, rabin aji, sun ci 60 zuwa sama. Mutum 17 ba su kai 50 ba, cikinsu 12 ko 40 ba su kai ba. A ma'aunin A1 zuwa F9 da makarantunmu ke bi, kiredit yana farawa ne daga 50, wato C6, ƙasa da 40 kuma F9 ne. Ke nan wannan aji mai matsakaici 55, kashi 42.5 cikin 100 nasa ba su da kiredit.

Siffofin da aka fi gani su ne:

Tudu ɗaya a tsakiya, yana sauka dama da hagu. Yawancin yara suna kusa da juna, a nan matsakaici yana wakiltar ajin.

Tudu a ɓangaren ƙananan maki da jela mai tsawo zuwa manya. Gwajin ya yi wa yawancinsu wuya, 'yan ƙalilan masu ƙoƙari ne suka ja matsakaicin sama.

Tudu a ɓangaren manyan maki da jela zuwa ƙanana. Yawanci sun gane, akwai 'yan kaɗan da ke buƙatar kulawa ta daban.

Tudu biyu, irin namu. Galibi alama ce cewa jama'a iri biyu aka haɗa wuri ɗaya.

Zanen yana nuna maka akwai rabuwa, amma neman dalilinta aikinka ne. A zauren Yaya, da ya bi sunayen da ke tudun ƙasa, ya tarar yawancinsu waɗanda suka shigo lesin a makare ne, ba su sami darussan farko ba. Ya ware musu rana guda a mako ya koma da su baya, sauran kuma suka ci gaba.

Faɗin rukuni na iya ɓoye gaskiya

Canja faɗin zuwa 30 ka gani. 20–49 zai zama 17, 50–79 zai zama 20, 80 zuwa sama 3. Kwarin nan na tsakiya ya ɓace gaba ɗaya, alhali makin ba su canja ba. Idan kuma ka matse faɗin zuwa maki ɗaya-ɗaya, kusan kowace sanda tsawonta 1 ne, ba wata siffa da za ka gani. Saboda haka ka riƙa gwada faɗi biyu ko uku. Siffar da ta ci gaba da bayyana a faɗi 5 da 10 da 20, ita ce abin dogaro.

Misali na zahiri: teburin JAMB na 2025

A watan Mayun 2025 hukumar JAMB ta fitar da alƙaluman jarrabawar UTME ta shekarar, wadda ake yi a kan maki 400. Sakamako 1,955,069 ne, kuma teburin yawa ne sak:

| Rukuni | Yawa |
|---|---|
| ƙasa da 100 | 2,031 |
| 100–119 | 3,820 |
| 120–139 | 57,419 |
| 140–159 | 488,197 |
| 160–199 | 983,187 |
| 200–249 | 334,560 |
| 250–299 | 73,441 |
| 300–319 | 7,658 |
| 320 zuwa sama | 4,756 |

Haɗa rukunai biyar na farko, za ka samu 1,534,654. Nan aka samo labarin da ya karaɗe ko'ina cewa fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba.

Yanzu duba rukunan da kyau. Faɗinsu ba ɗaya ba ne: wasu 20, ɗaya 40, wasu 50. Idan ka zana sanduna da waɗannan lambobi yadda suke, sandar 160–199 za ta ninka ta 140–159 tsawo, sai mai kallo ya ɗauka jama'a sun fi cunkushewa a can ninki biyu.

Ɗauki ɗakuna biyu, ɗaya ya ninka ɗaya girma. Babban na da mutum 20, ƙaramin na da 10. Wanne ya fi cunkoso? Duk ɗaya ne. Don haka idan faɗin rukunai ya bambanta, abin da ake zanawa a tsaye shi ne cunkoso, wato yawa a raba da faɗi:

| Rukuni | Faɗi | Cunkoso |
|---|---|---|
| 100–119 | 20 | 191 |
| 120–139 | 20 | 2,871 |
| 140–159 | 20 | 24,410 |
| 160–199 | 40 | 24,580 |
| 200–249 | 50 | 6,691 |
| 250–299 | 50 | 1,469 |
| 300–319 | 20 | 383 |

Ka ga bambancin? Rukunan 140–159 da 160–199 kusan tsawonsu ɗaya. A zanen da aka yi daidai, daga 140 zuwa 199 sanduna biyu ne masu kusan tsawo ɗaya, ta biyun dai ta fi faɗi, kuma mutum uku cikin kowane huɗu suna nan. Bayan 200 sai sandunan su faɗo ƙasa sosai, jela ta miƙe zuwa manyan maki. Wannan ita ce ƙa'idar histogiram: girman filin sanda, tsawo sau faɗi, shi ke wakiltar yawan mutane. Idan faɗin duka ɗaya ne, tsawo kaɗai ya wadatar, shi ya sa a aikin ajinmu ba mu sha wannan wahalar ba. A waya, dabarar ba ta wuce ka ƙara layi ɗaya ka raba gidan yawa da gidan faɗi ba.

Akwai darasi na biyu a labarin. A ranar 14 ga Mayun 2025, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya bayyana cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon mutum 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. Teburin da ke sama na kafin sake jarrabawar ne. Teburi guda na ƙasa baki ɗaya ya haɗa waɗanda matsalar ta shafa da waɗanda ba ta shafa ba a gidaje ɗaya. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan: idan abin da aka shigar yana da matsala, duk kyan zanen da ya fito ba zai gyara ta ba. Kafin ka yanke hukunci a kan yara, ka tabbatar makin daidai suke, kuma idan kana zargin jama'a iri biyu ka haɗa, ka yi wa kowanne teburinsa ka kwatanta.

Hattara wurin turawa

Idan za ka tura wa iyaye ko abokan aiki a WhatsApp, ɗauki hoton teburin yawa da zanen kawai. Kada ka tura fayil ɗin da ke ɗauke da sunayen yara da makinsu. A cikin birni kowa ya san gidan kowa, yaron da ya ci 21 kafin magariba labarinsa ya zaga unguwa. Histogiram na faɗin halin da aji ke ciki ba tare da an kama sunan kowa ba.

Aikin gida

Ɗauki makin nan 40 ka raba su bisa ma'aunin da makarantu ke bi: F9 daga 0 zuwa 39, E8 40–44, D7 45–49, C6 50–54, C5 55–59, C4 60–64, B3 65–69, B2 70–74, A1 daga 75 zuwa 100. Idan ka yi daidai, yawan zai fito a jere kamar haka: 12, 3, 2, 1, 2, 3, 5, 5, 7. Ka lura F9 faɗinsa 40 ne, A1 kuma 26, sauran duk 5. Lissafa cunkoson kowanne, ka ga ko F9 zai ci gaba da zama sanda mafi tsawo.

A darasi na gaba za mu ɗauki wannan teburin mu koyi tara yawa daga rukuni zuwa rukuni, wanda da shi ake gano makin da ya raba aji biyu daidai. Allah Ya ba masu shirin jarrabawa sa'a.